Musayar Waƙa: Wa Zai Share wa Baƙo Hanya a Kaduna?

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum. Ana ta zancen gwamnati da 'yan kasuwa su haɗa hannu kan yawon buɗe ido a jiharmu. Ga ƙwar biyu, mai amsawa ya riƙe amsa-amon "na".

Da sunan Allah na fara, Mai yawan baiwa,
Ya ba ni basira in yi zancen Kaduna.

Ga ruwan Matsirga yana zuba kusa da Kafanchan,
Ga dutsen Kagoro tsaye yana kallona.

Gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru,
Tana lambun Gamji, yara na kai suna murna.

Duk wannan Allah ya ajiye a ƙofarmu,
Me ya hana baƙo zuwa? Ku amsa mana.

Hajiya Mai Masauki:
Ƙanena, tambayarka ta faɗo a kan gaɓa,
Sana'ata ce, ka ji shi daga bakina.

Na sa fenti, na sa fanka, na sai janareta,
Man dizal ya lashe abin da ke hannuna.

Baƙo zai bugo waya: "Hajiya, hanya lafiya?"
Wannan tambayar ita ke kashe cinikina.

Tun harin jirgin ƙasa, Maris 2022,
Na ga watanni ba kowa cikin ɗakuna.

Zanen gado da ruwan zafi ni zan kawo,
Tsaro da kwalta sun fi ƙarfin ikona.

Baba Ɗan Fansho, Unguwar Rimi:
Gaskiyarki Hajiya, ba mai musa miki. Amma bari tsoho ya ƙara.

A 1977 aka yi hawan FESTAC, bikin al'adun Afirka, a nan,
Dawaki sun cika gari, da sarakuna.

Don baƙin aka gina otal ɗin Durbar,
Yau ina yake? Wannan ke ƙona raina, 'yata, in na tuna.

Hukuma ta iya gini, riƙo ke ba ta wuya,
A ba mai jari riƙo, a rubuta amana.

Dubi gidan dutsen Kajuru, Bajamushe ya gina,
Mutum ɗaya, ga shi har Abuja ya yi suna.

Jirgi na sauke jama'a kullum a Rigasa,
Wa ya tanadi bas ya kai su dutsen Kufena?

Gwamnati ta rage haraji ta gyara hanya,
Sauran aikin, Hajiya, naku ne da shaguna.

Ɗiyar Ham, Kwoi:
Baba, na gaishe ka, amma kun bar mu baya,
Kun raba riba ba ku ambaci garina.

A 1928 masu haƙar kuza a Nok
Suka fara tono gumakan yumɓun kakannina.

Wasu suna Jos, wasu har ƙasar Faransa,
Ana biyan kuɗi can a kalli kawuna.

In za a zo Nok, ɗan Nok ya zama jagora,
Ya ci abinci da tarihin da ya nuna.

Mai citta ta kasa a bakin ƙofar shiga,
Baƙo ya saya, ta koma gida da murna.

In motar kamfani ta zo da abincinta a kula,
Ta juya da yamma, ƙura kawai aka bar mana.

Bazazzage:
Yaya, kin taɓo inda ke mini ciwo,
Mu ma haka muke a birnin Amina.

Ranar Hawan Daushe ba masaka tsinke,
Washegari baƙo ya tafi, bai ƙara kwana.

Da an kai shi wajen marina da dukawa,
Ya sai takalmi, ya ɗinka riguna.

Masallacin da Babban Gwani ya gina mana,
Rufinsa ya rufta 2023, muka yi rashin 'yan uwana.

Bankuna da kamfanonin waya masu talla a hawa,
Ku sa hannu a gyaran ganuwa, roƙona.

Ɗan Tudun Wada:
Madalla. Akwai na Birnin Gwari a nan? Ba mu ji labarin dajin Kamuku ba.

Manomi, Birnin Gwari:
Ina nan, Malam, ina jin ku tun ɗazu,
Kamuku na nan, ba nisa da ƙauyena.

Ina son ranar da zan raka baƙo ciki,
Amma ku fara roƙa mini in je gona.