Gasar sanya wa hoto take mai ban dariya ga ma'aikatan laburare: yaya ake tsara ta?

Mai_Kanta:
Assalamu alaikum. Muna son shirya gasar sanya wa hoto take mai ban dariya tsakanin ma'aikatan laburare, albarkacin Ranar Littafi ta Duniya, 23 ga Afrilu. Wane irin hoto ya dace, kwana nawa za a ba mutane, kuma yaya za a fitar da gwani ba tare da ƙorafi ba?

Malam Katalog:
Wa alaikumus salam. Rabin aikin yana kan hoton. A nemi wanda ke da abu ɗaya tak da ya saɓa wa al'ada, kamar kyanwa kwance tsakanin littattafai a kan kantar laburare, ko keken kwasar littattafai da aka lafta wa kaya har ya karkace. Hoton da shi kansa ya riga ya gama ba da dariya ba ya barin wurin magana, kowa zai rubuto abu ɗaya. Armashin gasar ma'aikata shi ne barkwancin da ɗan sana'a kaɗai ke ganewa. Kyanwar nan, in aka ɗauke ta hoto kusa da lamba 636.8, wato lambar littattafan da suka shafi kyanwowi a tsarin Dewey na jera littattafai a laburare, wani ya rubuta "An mayar da ita gurbinta", duk mai aikin katalog zai kwashe da dariya nan take. A tabbata lambar da ke jikin kantar tana karantuwa a waya, don yawancin mutane a can za su kalla.

Hajiya Adana:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai a kula da haƙƙi. Kada a ciro hoto daga intanet haka kawai. Ko ku ɗauka da kanku, ko ku duba Wikimedia Commons, rumbun hotuna na kyauta a intanet, ku karanta lasisin, wato sharuɗɗan amfani da hoton. In lasisin nau'in da ake kira CC BY ne, dole a rubuta sunan mai hoton. Kada fuskar mai karatu ta fito sai da yardarsa a rubuce, yara kuwa a bar su gaba ɗaya. Mutum ya zo karatu ne, bai zo a mayar da shi abin dariya ba. Ko abokin aiki ne, a nuna masa hoton tun kafin a sake shi, a kuma faɗa cikin sharuɗɗa cewa za a cire duk taken da ya taɓa addini, ƙabila ko surar jikin wani.

Ɗan Bincike:
Wajen zaɓe ne ake yawan ɓata gasa. In aka ce kowa ya rubuta a ƙarƙashin hoton a Facebook, wanda ya fara sakawa da mai yawan abokai su ne ke lashewa, na baya kuma suna kwaikwayon na gaba. Mujallar The New Yorker ta Amurka tana gudanar da irin wannan gasar kan zane tun 2005: ana tace uku, masu karatu su zaɓi ɗaya. Ku bi wannan tsarin. A buɗe Google Forms, wato fom ɗin da ake cikewa a intanet, na kwana 7, kowa take biyu kawai, kada ya wuce kalma 15. Mutum ɗaya ya goge sunaye ya sa lambobi, alƙalai uku su tace uku, sannan a sa ƙuri'a a zauren WhatsApp na awa 48. In mutum biyu sun turo magana iri ɗaya, lokacin shigowa da fom ɗin ke nunawa ya raba gardama.

Hajiya Adana:
Ƙari kaɗan: a raba Hausa da Turanci rukuni biyu. Wasan kalma na Hausa ba ya jure fassara, alƙalin da ba ya jin harshen zai zalunce shi ba da niyya ba.