Masu ɓoye suna matsorata ne? Yadda ta kaya a zauren Hausawan Ayilan

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri, yau raina a ɓace yake. Wani shafi a Instagram, ba suna ba fuska, hoton fure kawai aka manna, ya ɗauki hoton leshin da na saka ranar Juma'a ya jera shi da wani, wai da waya nake ƙara wa kaya haske, launin da ke isa hannun mai saye daban ne. Kafin la'asar masu oda sun fara fasawa. Ni da nake tashi tun asuba ina naɗe kaya kafin in kai yara makaranta! In na cuci wani ya fito da sunansa in mayar masa da kuɗinsa. Laɓewa ana jifa kuwa aikin matsorata ne. Ni a ganina gwamnatin Ayilan ta sa doka, kowa ya buɗe shafi da sunansa da katin shaidarsa. Ai ofisoshin Meta da Google da TikTok na Turai duk a Dublin suke, in an ga dama za a yi.

Anti Mai Turare: Innalillahi! Sannu ƙanwata. Ni na sayi leshinki da ƙaramar sallah, har yau launinsa bai motsa ba. Hassada ce, ga mai rabo kuwa taki ce.

Direban Tasi: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Amma kalmar matsorata ta yi nauyi. Rabin mutanen zauren nan da laƙabi suke magana, har ke. Mu duka matsorata ne ke nan?

Maman Biyu: Haba Malam, nawa alkunya ce. Wa ye bai san gidana ba a nan?

Ɗan Damagaram: Ina bayan Direba. Akwai 'yan'uwanmu a masaukin masu neman mafaka, takardunsu na hannun hukuma suna jiran amsa. In abinci ya lalace ko ma'aikaci ya wulaƙanta mutum, da sunansa kike so ya rubuta? Wannan ma matsoraci ne? Wanda yake da fasfo a aljihu ba ya sanin zafin wannan.

Anti Mai Turare: To wa ya ambaci masu mafaka? Kullum sai ka jawo zance ya koma can.

Ɗalibar Lauya: Iyayena ku ba ni dama. An taɓa yin irin wannan a ƙasar nan. A 2018 akwai shafin Bloggers Unveiled a Instagram, ba wanda ya san mai shi. Aikinsa tona asirin masu tallar kayan kwalliya da sutura: ga hoton da aka rage ƙugu, ga na asali, ga kayan da aka biya mutum ya yaba amma bai faɗa ba. Ya tara mabiya sama da 200,000 a ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan biyar ba a lokacin. A shekarar ce hukumar kula da tallace-tallace, ASAI, ta karɓi ƙorafi a kan wata da ta tallata hoda da hoton da aka gyara. A 2023 kuma ita da hukumar kare masu saye suka fitar da ƙa'idar cewa wanda aka biya ya rubuta #Ad, wato talla, a fili. Ni ban yarda wanda ya tada wannan ƙura matsoraci ba ne. Da ya sa sunansa, da wasiƙun lauyoyi sun rufe masa baki tun makon farko.

Anti Mai Turare: 'Yata, ki ƙarasa labarin mana, kada ki tsaya inda ya yi miki daɗi. Ina nan aka yi. Mutane suka shiga farautar mai shafin, aka ɗora wa wata baiwar Allah, ta ce ba ita ba ce, aka yi ta aika mata barazanar kisa har magana ta kai ga 'yan sanda. A watan Agustan shekarar aka rufe shafin. Masu aika barazanar da sunansu suka aika? Matsorata!

Ɗan Damagaram: Ai kin kawo mana hujja da bakinki, Anti. Wadda aka yi wa zato kawai ta sha wannan, ina ga wanda ya fito ya ce ni ne?

Alhaji na Cork: Ku saurara yara. Duk mai laɓewa ranarsa na zuwa. Ba ku ji na Tattle Life ba, dandalin gulmar nan? Wasu ma'aurata suka kai ƙara, kotu ta ba su fam 300,000, a watan Yunin 2025 kuma ta yarda a bayyana mai dandalin. Ashe ƙato ne ɗan Ingila, yana amfani da sunan mace. Namiji ya ari sunan mace ya buɗe zauren gulma, in ba tsoro ba me za a kira shi? Kotun Ayilan ta yi aikinta.

Direban Tasi: Ranka ya daɗe, a Belfast aka yi shari'ar nan. Belfast ƙarƙashin Birtaniya take, dokarsu daban, kuɗinsu fam, namu yuro.

Alhaji na Cork: Tsibiri ɗaya ne. Daga Dublin awa biyu ne a mota, ba shinge ba mai tambayarka takarda. Ni za ka koya wa Ayilan? Lokacin da na sauka ƙasar nan fam ɗinta ake kashewa, yuro sai a 2002 ta shigo hannu. Kana ina a lokacin?

Direban Tasi: Daɗewa daban, Alhaji, taswira daban. Kullum ina kan hanyar nan.

Malamin Islamiyya: Jama'a a ji tsoron Allah. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana yawan zato, ta hana bin diddigin mutane, ta hana giba. Mai shafin fure ya faɗa ciki, masu farautarsa ma za su faɗa. Kuma Hajiya, jam'i kika yi, kin haɗa mai laifi da marar laifi. Ki janye kalmar a zauna lafiya.

Anti Mai Turare: Ba za ta janye ba, Malam. Ni ma abin da ke ba ni mamaki, me ya sa Direba ya fi kowa jin zafin kalmar? Ko don a gidansa ma ana sayar da leshi?

Direban Tasi: Subhanallah! Anti, iyalina kike nufi? Ki faɗa a fili. Irin wannan ne ya faru da wani ɗalibi a nan Dublin, mu masu tasi duk mun san labarin. A 2011 aka saka bidiyon wani da ya sauka bai biya kuɗin mota ba, wani ya rubuta sunan yaron a ƙasa ya ce shi ne. Yaron nan yana Japan a ranar. Sai da ya je babbar kotu a 2012 yana neman a wanke shi. Yau ga shi kin yi mini irinta a gaban jama'a, kuma da fuskarki a buɗe kika yi.

Anti Mai Turare: Ni ban kama suna ba. Tambaya na yi.

Ɗalibar Lauya: Maman Biyu, ki ɗauki hoton duk abin da aka rubuta kafin a goge. Akwai dokar da ake kira Dokar Coco, ta fara aiki a Fabrairun 2021. Coco laƙabin Nicole Fox ne, yarinya 'yar shekara 21 da ta rasu a 2018 bayan tsangwamar da ta sha, mahaifiyarta ce ta yi ta fafutuka har aka yi dokar. Aika saƙon barazana ko mummunan cin mutunci da niyyar cutarwa na iya kai mutum kurkuku har shekara biyu. In ɓata suna ne kawai, kotu na iya tilasta wa kamfanin ya faɗi mai shafin, sai dai kuɗin lauya ba wasa ba ne.

Alhaji na Cork: Har yanzu Direba bai amsa mini ba. Wace shekara ka zo?

Maman Biyu: Ikon Allah. Ni maganar doka da katin shaida na kawo, ba wanda ya ce uffan a kanta.

Uwar Zaure: To ya isa haka. Na karanta komai daga sama har ƙasa. Abin da ya fito shi ne an zalunci ƙanwarmu, kowa ya shaida kayanta masu kyau ne, kuma mafi yawan jama'a sun yarda mai ɓoye suna ya ci mutuncin mutane matsoraci ne. Misalan da 'yarmu ɗaliba da Alhaji suka kawo duk abin da suka nuna ke nan. Direba, Anti ta girme ka, ka ba ta haƙuri a kan ɗaga murya. Alhaji babba ne, ba a ja da shi a bainar jama'a.

Ɗan Damagaram: Hajiya, ba haka aka yi ba. Mu huɗu muka ce kalmar ba daidai ba ce, har da Malam. Kuma ina maganar masu mafaka ta shiga?

Direban Tasi: Ni aka yi wa ƙazafi, ni kuma zan ba da haƙuri?

Uwar Zaure: Na rufe zaure sai gobe da safe. Mai ƙorafi ya same ni ta waya.