Yawan caji mai sauri ne ya sa motata ta rage saurin shan caji?

Dan_Kubwa:
Salam ƴan uwa, dan Allah masu motar lantarki da waɗanda suka san harkar batir a taimaka min. Motata ƴar China ce na hannu, haya nake da ita ta manhaja a cikin Abuja, Kubwa zuwa Wuse, Garki, wani lokaci hanyar filin jirgi. Gidan haya nake kuma wutar unguwarmu sai a hankali, to kusan kullum wajen caji mai sauri nake zuwa, irin na DC ɗin nan. Da in na jona skirin na nuna 60 kilowat ko sama, yanzu kuwa da 40 da ɗan wani abu take farawa kafin ka ce kwabo ta sauko 25, ina zaune fasinja na shigowa a waya ba halin ɗauka. Wani abokin sana'ata ya ce wai ƙirga cajin motar take yi, in ka cika yin na sauri sai ta rage maka da gangan. Haka ne? In kuma batir ɗin na kashe a gaya min tun da wuri wlh.

Injiniya_Rayfield:
Wa alaikassalam Malam. Abu biyu ba ka faɗa ba, batir na kan kashi nawa kake jonawa, kuma da ƙarfe nawa. Don mota ba ta shan wuta da gudu ɗaya daga farko har ƙarshe, akwai ƴar kwamfuta a jikin batir, BMS, ita ke gaya wa caja ba ni kaza. In batir na ƙasa, kashi 10 zuwa 40 haka, tana buɗe baki sosai, daga rabi ta fara ja baya, in ta wuce 80 kuwa sai haƙuri, kamar cika buhun masara ne, farko zuba kawai kake, in ya kusa baki sai da girgizawa. To in da kana zuwa da kashi 15 yanzu kuma tsoron kar mota ta mutu a hanya ya sa kana zuwa da 55, ba abin da ya lalace.

Na biyu zafi, kuma shi na fi zargi. Ka wuni kana yawo da esi a kunne, kwalta ta ɗau rana, a watan Maris Abuja tana kusan digiri 40, ka zo ka ɗora masa DC wanda shi kansa zafi yake haifarwa a cikin sel ɗin, dole kwamfutar ta rage wuta don kar ya dahu. Wannan raguwar ta wucin gadi ce, ya huce ta dawo. Mu nan Jos akasin haka muke gani, da sanyin Disamba da Janairu in mota ta kwana a waje batir mai sanyi ma ba ya karɓar wuta da sauri sai ya ɗan ɗumama, don in aka tura masa da ƙarfi litiyom ɗin taruwa yake a saman farantin da ke cikin sel ɗin maimakon ya shige ciki, ita kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa.

Abu_Sadiq:
Amma Injiniya maganar abokinsa ba shaci-faɗi ba ce gaba ɗaya fa. A 2017 Tesla da kansu sun amsa cewa wasu motocinsu da suka sha caji mai sauri da yawa, manhajar motar tana rage musu ƙololuwar gudun cajin don kare batir, masu Model S ne suka fara lura wadda take kai wajen 120 kilowat ta koma wajen 90. Sai dai a aikace ƴan mintuna ne kawai suka ƙaru a kan caji. Sannan Nissan Leaf ta 2018 mai 40 kWh ta yi suna a Turai kan wannan, in ana doguwar tafiya caji na farko lafiya lau, na biyu da na uku sai ta ja, saboda batirinta ba shi da ruwan sanyaya.

Injiniya_Rayfield:
Haka ne Abu Sadiq, ban musa ba, amma ka ga na Leaf ɗin ma ai zafin ne dai. Shi tsufan batir yana nan, duk batir na litiyom yana rage ɗaukar kaya kuma turjiyar cikinsa tana ƙaruwa, to zai fi saurin yin zafi, kwamfuta ta fi saurin rage masa wuta. Tambayar ita ce nawa ne laifin DC a ciki. Akwai gwajin da cibiyar bincike ta Idaho a Amurka ta yi da Leaf huɗu ƙirar 2012 a Phoenix, garin da zafinsa ba wasa, biyu cajin a hankali kawai, biyu kuma DC zalla. Bayan mil 50,000 duka huɗun sun yi asarar kusan kwata na ƙarfinsu, tazarar da ke tsakani ƴan kashi kaɗan ce. Ni a ganina faɗuwa daga 60 zuwa 25 ta yi yawa a ce tsufa ne kaɗai.

Maman_Hanif:
Ɗan uwa ka duba cajar ma kafin ka ɗora wa motarka laifi. Wasu wuraren caja ɗaya ce mai kai biyu, in wani ya jona ɗayan sai ku raba wutar. Inda nake zuwa in suna kan janareto ko sola rage ƙarfinta suke yi kuma ba mai gaya maka sai ka tambayi yaron wajen. Sannan tunda ƴar China ce bakinta GB/T ne, in da adafta kake jonawa shi ma wani yana da iyakar da ba ya wucewa, wani kuma ɗaukar zafi yake.

Baban_Nyanya:
Hhhh oga da ka sa CNG ka huta da duk wannan lissafin

Maman_Hanif:
Ka ga layin gas ɗin kuwa Malam?

Dan_Kubwa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Injiniya yawanci bayan azahar nake zuwa in kasuwa ta ɗan lafa, batir na wajen rabi, kuma nakan bari sai ta cika fal don kar in sake dawowa. Hajiya ba na sa adafta, amma maganar raba wutar zan lura. To yanzu ya zan gane ko batir ne?

Injiniya_Rayfield:
To ka ga ka haɗa duka, tsakar rana, rabin batir, ga jiran ɗari bisa ɗari. Ka bari ta sauka wajen kashi 15, ka je bayan asuba ba kowa a ɗayan kan, ka ɗauki hoton skirin duk bayan minti biyar. In ta koma 60 batirinka lafiya. In ba ta koma ba ka gwada wata cajar daban, in nan ma haka ne sai a sa na'urar OBD a karanta lafiyar batir da zafin sel ɗin, a kuma duba fanka da famfon ruwan sanyaya in tana da shi, ƙurar hunturu tana toshe lagireto. A DC ka riƙa cirewa a 80, sauran ashirin ɗin lokacinka kawai suke ci. In batirinka LFP ne, wato nau'in batirin litiyom mai ƙarfe da fosfet, yana son a cika shi 100 lokaci lokaci don lissafin kashin ya daidaita, wannan ka yi shi da cajar gida ranar da aka kawo wuta. Ka turo hotunan mu gani.