Garuruwa 169 na Connecticut: wa ya fara, kuma ina ya kai?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da na daɗe ina so mu yi, musamman mu mazauna jihar Connecticut ta Amurka da kewaye. Jihar nan garuruwa 169 gare ta cif, kuma akwai wata ƙungiyar masu gudu, Run 169 Towns Society, da suka ɗaura aniyar sai sun shiga tsere a kowane gari. Ba wai mutum ya je garin ya yi sassarfarsa shi kaɗai ya juyo ba. Sai tseren da aka shirya, an ba ka lamba ka maƙala a ƙirji, an ɗauki lokacinka, sunanka ya fito a sakamako. Wanda ya cike duka sai su naɗa shi sarki, mace kuma sarauniya, har da kambi.

Ni likita ne ya koro ni kan titi. Shekara shida ina ƙasar nan, daga gida sai wurin aiki, ran Juma'a masallacin garin Berlin na nan jihar, sai shagon da muke sayen naman halal. Nan duniyata ta tsaya. Da hawan jini ya fara leƙowa aka ce in dinga motsa jiki, shi ne na yi rajistar tseren kilomita 5 a wani ɗan gari, wanda 'yan kwana-kwanan garin suka shirya don tara kuɗi. Na ƙarasa cikin minti 41, ƙirjina kamar zai tsage. Ina dafe da gwiwa ina haki sai ga wata dattijuwa, kanta fari fat, an rubuta 169 a rigarta, ta miƙo min ruwa ta ce gari na nawa ke nan? Ban gane tambayar ba sai da ta zauna ta yi min bayani. A daren na buga taswirar jihar na manna a bangon falo, na ba Amira jan alƙalami ta shafe gari na farko.

Yanzu 38 ta shafe. Jinin ya sauka, alhamdulillahi, amma abin da ya fi riƙe ni shi ne na fara sanin inda nake zaune. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga, ko gari ɗaya ne, ya faɗa mana yadda ta kaya.

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Baban Amira ashe kai ma kana ciki! Ni ina kan 52.

Bari in yi magana da 'yan uwana mata, don na san abin da ke tsayar da mu: sutura. Wata uku na yi ina buɗe shafin rajista ina rufewa saboda tunanin me zan sa, kuma wane irin kallo za a yi min. Daga ƙarshe na samu dogon wando mai sakin jiki, da riga mai dogon hannu da ta sauko har gwiwa, da ƙaramin hijabi. Kuskuren da na yi da farko shi ne na auduga na sa. A New Haven ne, tseren da ake yi ranar hutun ma'aikata, Litinin ɗin farko ta Satumba, wanda ake yi tun 1978. Ranar iska ta tsaya cik, ga danshi, kafin in ci kilomita 3 hijabin ya sha gumi ya lafe min a wuya kamar jiƙaƙƙen tsumma, fil ɗin da na kama shi da shi kuma yana ta sukata a ƙarƙashin haɓa. Tun daga ranar na koma irin na 'yan wasa da ake zurawa kawai, ba fil, yadin kuma ba ya riƙe ruwa. Shekarar da ta biyo baya na koma na yi na kilomita 20 ɗin, maigidana da Sadiq suna jirana a filin tsakiyar gari.

Kallo kuwa ana yi, ba zan ɓoye ba, musamman a ƙananan garuruwan da in kin duba hagu da dama ke kaɗai ce baƙar fata. Amma a gari 52 ba wanda ya taɓa faɗa min maganar banza. Abin da na fi samu shi ne tafi da ihu ana kiran lambata. Aikin jinya nake, sau da yawa kwana nake a asibiti, in na tashi ƙarfe bakwai na safiyar Asabar sai in wuce kai-tsaye. Wannan minti talatin ɗin da nake kan titi shi ne lokacin da ba mai kirana, ba mara lafiya, ba yara.

Ku kula da abincin bayan tsere. Ayaba da lemo da burodi ba matsala, amma in kun ga ana gasa nama ku tambaya, galibi akwai na alade. Wasu wuraren kuma rumfar giya ce guda. Ni dabino nake zubawa a mota.

Ɗan Ƙofar Mata:
Ina biye da ku daga Kano. Tambaya: nawa ake kashewa? Kuma jihar girmanta ya kai ina da har mutum zai zagaye ta haka?

Baban Amira:
Malam, ba ta kai jihar Kano faɗi ba. Daga wannan kusurwa zuwa waccan awa biyu da ɗan wani abu ne a mota. Kuɗin shiga, waɗanda na yi yawanci dala 25 zuwa 40 ne na kilomita 5, manyan sun fi haka. In ka haɗa da mai da takalmi, abin ba kyauta ba ne, shi ya sa nake yin biyu a wata.

Ɗan Zango:
Sannunku da ƙoƙari. Ni daga Bronx ta birnin New York nake tsallakowa, asalina Kumasi. Gari 21 kawai na yi, amma ina da gargaɗi: ku karanta sunan gari sau biyu kafin ku tayar da mota.

Akwai New Canaan, can kudu kusa da mu. Akwai North Canaan a arewa maso yamma, bakin iyakar Massachusetts. Sannan akwai Canaan zalla. Abin da ya rikita ni, wurin da kowa ke kira Canaan, mai shaguna, a cikin North Canaan yake, shi kuwa ainihin garin Canaan mutanen wajen Falls Village suke ce masa. Na tashi tun kafin asuba, na yi sallah a hanya, na isa da wuri na ajiye mota ina jira in ga masu lamba a ƙirji. Shiru. Takwas da rabi ta wuce, titi ba kowa sai wani dattijo da ke buɗe shagonsa. Na nuna masa takardata, ya girgiza kai ya ce ai ba nan ba ne, ka gangara kudu. Ya ɗauko biro ya zana min hanya a bayan rasit. Na isa ana busa usur, ko ɗaure igiyar takalmi ban gama ba mutane suka zuba. Na bi su a baya, na ƙarasa, an rubuta min garin. Rasit ɗin nan yana cikin jakata har yau. Da ɗan gari kan ci gari.

Ɗalibi a Storrs:
Yaya Ɗan Zango, irin wannan ta same ni ta wata fuskar. Ina zaton Storrs gari ne tunda nan jami'armu take, ashe a lissafin 169 sunansa Mansfield. Willimantic kuma Windham ce. Mystic ma ba ta cikin jerin, rabinta Groton rabinta Stonington, kogi ne ya raba.

Game da azumi, na 2024 ya faɗo a Maris, lokacin da tsere ke fara yawa bayan sanyi. Na gwada kilomita 5 ɗaya da azumi a bakina. Da yake gari da sanyi ƙishirwa ba ta dame ni a kan hanya ba, sai wajen la'asar na ji jikina ya mutu, kai yana sarawa. Yaran da ke miƙa ruwa a kofi suka yi ta miƙo min ina ɗaga musu hannu. Na iya, amma ban ƙara ba. Yanzu watan azumi hutu ne a wurina, sai 'yar sassarfa kafin buɗa-baki.

Alhaji na Bridgeport:
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Na ji daɗin ganin wannan zance. Shekarata 61, gari 131, shekara tara ke nan ina bi.

Ku sani tamanin ɗin farko su suke zuwa da kansu. Hartford, New Haven, Stamford, Fairfield, kowane mako da abin da ake yi. Daga nan ne aikin yake farawa. Akwai garin da tsere ɗaya yake yi a shekara, in ya wuce ka sai baɗi. Akwai wanda sai wani ya tashi ya shirya, sai ka ji labari ya bazu, duk masu neman garin su yi dafifi. Wata Asabar ɗin kuma garuruwa biyu da kake nema su sa nasu sa'a ɗaya, dole ka zaɓa. Akwai wanda shekara uku nake jira.

Amma a waɗannan ƙananan ne daɗin yake. Union, can kan iyakar Massachusetts, ita ce mafi ƙarancin mutane a jihar, ba su kai dubu ba. Daji ne da tafkuna. Ranar da na je mu da muka taru ba mu fi cikin babbar mota biyu ba, kuma fiye da rabi mun san juna. Na taɓa zuwa wani tseren yamma a irin waɗannan garuruwan, lokacin la'asar ya yi kafin a fara. Na shimfiɗa darduma a ciyawa gefen motata na tayar da sallah. Wani manomi ya taho da karensa, da ya gan ni sai ya ja igiyar ya tsaya nesa, bai wuce ta gabana ba har na sallame. Sannan ya matso muka gaisa, ya tambaye ni daga ina, na ce Nijeriya, ya ce shi shanun madara yake kiwo. Muka tsaya muna zancen shanu har aka kira mu layi. Ni da na tashi a gidan kiwo, shekara ashirin a Amurka ban yi hirar shanu da kowa ba sai ranar.

Abu biyu ku kiyaye. Na ɗaya kaska. Cutar Lyme da kuke ji, wadda cizon kaska ke jawowa, sunan garin Lyme na jihar nan ta ci, a yankin aka fara lura da ita a 1975. Kaskar ƙanƙanuwa ce, wata kamar ƙwayar riɗi. In kun zauna a ciyawa ko hanya ta bi da ku cikin itatuwa, ku duba ƙafa da bayan gwiwa da kun koma gida. Na biyu, kada ku raina tudun arewa maso yamma. Tseren Litchfield na watan Yuni mil 7 ne da ɗoriya, da tsakar rana ake yi, kuma sai an kusa ƙarshe, ƙafa ta gaji, sannan za ka tarar da hawan Gallows Lane a gabanka kamar bango. Na taka shi da ƙafa, ban ji kunya ba, samari da yawa ma takawa suka yi. Ku rage ƙarfi tun farko saboda shi.

Maman Sadiq:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya nuna mana ranar naɗinka. Wallahi da kaina zan dafa tuwon.

Ni abin da ya taɓa ɓata min rai, wani gari da na yi tafiyar awa ɗaya da rabi cikin ruwan sama, na gama lafiya, da sakamako ya fito babu sunana. Na'urar da ke jikin lambar ba ta ɗauka ba. Na rubuta wa masu shiryawa sau uku, sai bayan mako biyu suka amsa, shi ma don wata mata da muka shiga layin ƙarshe tare ta turo hoton da mijinta ya ɗauka, ga ni ga agogo a sama. Tun daga nan ba na rufe lambata da rigar ruwa, kuma ina danna agogona da kaina.

Ɗan Ƙofar Mata:
Kun sa ni tunani. A Kano aka haife ni, ƙananan hukumomi 44 muke da su, na zauna na ƙirga waɗanda ƙafata ta taɓa taka ƙasarsu, ba wucewa a mota ba, ban kai 15 ba. Doguwa ban taɓa zuwa ba. Ga shi kullum da asuba muna zagaye a filin wasa na Sani Abacha, mu wajen goma sha biyu.

Mu nan tseren titi sai manya: gudun fanfalaki na Legas da aka fara a 2016, na kilomita 10 na Okpekpe a Edo, sai na Kaduna da aka yi a 2020, wanda na je na ga yadda yaran Filato ke wuce mutum kamar iska. Na ƙananan garuruwa irin naku ban san da shi ba a wajenmu. Amma na karanta wa abokaina wannan hirar yau da safe, mun ce za mu gwada da kanmu, kilomita 5 a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, mu fara da na kusa, Kura da Bichi da Wudil. Za mu fara gaida hakimi, mu sanar da 'yan sanda, mu nemi matasan garin su shigo. Wudil dai ba ran Juma'a ba, kasuwa ba za ta bar mu ba. Sai mun gama kafin takwas saboda rana da manyan motoci.

Alhaji na Bridgeport:
Ɗana, ku samu mutum ɗaya da littafi da agogo ya tsaya a ƙarshe yana rubuta suna da lokaci. Kuma kada ku tafi sai na ƙarshe ya iso.

Baban Amira:
Na gode ƙwarai, jama'a. Ɗan Ƙofar Mata, in kun yi na Kura ka turo mana hoto.

Mu na nan kuma, wa zai je tseren garin Manchester na jihar nan ranar bikin godiya, Alhamis ta huɗu ta Nuwamba? Tun 1927 aka fara shi, bai cika mil 5 ba, ƙarfe goma na safe ake tashi daga Main Street, mutane dubbai, hawan Highland Street kuma yana cikin mil na biyu. Ban taɓa yi ba, shi nake so ya zama na 40. Wurin ajiye mota wahala yake, gara mu haɗu a mota ɗaya ko biyu. Motata tana da wurin mutum uku. Baba Alhaji, kujerar gaba taka ce in za ka zo. Kowa ya taho da safar hannu da hular sanyi.