Wannan ciyawar da ta cika kogi a Yamai, daga ina ta zo?

Ɗan Gamkalle:
Salam ƴan uwa. Jiya da marece na bi ta gadar Kennedy zan tafi Harobanda, na leƙa ƙasa wallahi bakin ruwan duk ya rufe da ciyawar nan mai fure shuɗi-shuɗi, wani mai kwale-kwale yana ta tura gora ya kasa ficewa. Ni da na ɗauka kainuwa ce tamu ta gado amma wani dattijo ya ce mini baƙuwa ce, lokacin yarintarsu babu ta a kogin Isa. Gaskiya ne? kuma in haka ne har a teku ma ana samun irin wannan?

Maman Rabi:
Dattijon ya yi gaskiya ƙanena. Kainuwarmu ganyenta kamar salati yake, kwance bisa ruwa. Wannan kuwa jasint ce, asalinta yankin Amazon a Kudancin Amurka, mutane ne suka yi ta yawo da ita ƙasa-ƙasa don kyan furenta. Ka matsa karanta ka gani, a kumbure yake cikinsa kamar soso shi ya sa ba ta nutsewa. Babana masunci ne, na tashi ina ganin yana tsintar ta daga koma, wani lokaci a kwana ana ɗinki don nauyinta ya yaga raga. In ta samu wuri cikin sati biyu tana iya ninka kanta, ta tare rana ta shanye iskar ruwa, karfasa da sauran kifi su gudu ko su mutu, ga sauro da kuma dodon koɗi mai kawo tsargiya suna samun mafaka ƙarƙashinta. Abin da ya fi ba ni tsoro irinta na iya kwana cikin laka shekara 20 bai mutu ba.

Direban Kotonu:
Ni dai na shekara da shekaru ina ɗauko kaya da kamiyo a tashar jiragen Kotonu. A tabkin Nokuwe wajen Ganbiye haka take rufe hanya in ruwan sama ya yi yawa, amma da rani in gishirin teku ya shigo sai ta bushe, ba ta jure gishiri. Teku nata baƙin daban ne. Manyan jiragen nan in sun sauke kaya ruwa suke zuƙa a cikinsu don kar su yi tangaɗi, su je wata nahiya su zubar, da ƙwai da ƙananan halittu duka.

Malam Isufu:
Haka ne direba. Ta wannan hanya wata halittar ruwa mai yauƙi ta bar gaɓar Amurka ta shiga tekun Bahar Aswad a farkon shekarun 1980, ta cinye ƙwan kifi da abincinsu, kafin 1990 kamun ƙananan kifin can ya faɗi warwas, masunta suka rasa sana'a. Sai a 2004 aka yi yarjejeniyar duniya kan wannan ruwa na jirage, ba ta ma fara aiki ba sai 2017. Mashigin Suwez da aka buɗe 1869 shi ma ƙofa ce, kifayen Bahar Maliya sun bi ta nan sun cika gabashin Bahar Rum, ciki har da wani irin talibambam mai dafi da ke yayyaga koma. Kusa da mu ma a Kalaba an dasa wani kaba na Asiya a 1906, yanzu ya ture itatuwan bakin teku inda kifi ke haihuwa.

Ɗan Gamkalle:
Na gode sosai. To Maman Rabi in aka fiddo ta me ake yi da ita?

Maman Rabi:
A ja ta nesa da gaɓa inda ruwa ba ya kaiwa ko ya cika, a shanya ta bushe ƙayau sannan a yi taki, masu garka suna so. Kar dai a bar ta bakin kogi, kuma don Allah kar wani ya ɗauke ta don fure ya kai gida ko tabkin garinsu, ni tabkin Tabalak nake ji wa.