Masaƙun Kakuri: ginin nan zai sake amfani kuwa?

Ɗan Kakuri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na bi ta unguwar Kakuri a Kaduna, sai na tsinci kaina tsaye a bakin katangar masaƙar da Baba ya yi shekara ashirin a sashen kaɗi. Ciyawa ta fi ni tsayi, iska ta yaye rabin kwano, amma bangon ko tsagewa babu. Muna yara ba mu san agogo ba, jiniyar canjin aiki ce agogonmu, da ta yi kuka sai kekuna su cika titi. Masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, ita ce uwar masaƙu a Kaduna, ta fara saƙa a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila, daga baya masaƙun UNTL (United Nigerian Textiles Limited) da Arewa Textiles suka biyo. Ni na daina jiran injina su sake tashi. Tambayata ita ce, ginin kansa fa? Akwai inda aka mayar da irinsa wani abu?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Akwai, Malam. Na taɓa shiga Lingotto, tsohuwar masana'antar Fiat a Turin ta Italiya. An buɗe ta a 1923. Mota takan fara daga ƙasa, ana haɗa ta ana hawa bene, har ta fito kan rufi inda aka yi titin gwaji. An rufe a 1982, mai zanen gine-gine Renzo Piano ya sake mata fasali, yanzu akwai kantuna, otal, zauren taro har da ajujuwan jami'a, titin rufin kuma yana nan. Amma kafin komai sai an duba rodi da rufin, a kuma gwada ƙasar wajen rini, don sinadari yana daɗewa a ciki.

Hajiya Mai Atamfa:
Injiniya ka kai mu nesa. Mu a Kano tuni aka mayar da wasu sito. Abin da ke ci mini rai, atamfar China ake jibgewa a ciki, ni ma ita nake sayarwa a Kwari, ba zan ɓoye ba.

Ɗan Kakuri:
Hajiya kin sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Ni otal bai dame ni ba. A yanka zauren saƙa shago-shago, a ba teloli da masu walda, a ja musu wuta ɗaya mai ƙarfi. A bar inji guda a ƙofa kafin 'yan gwangwan su auna shi a sikeli. Katin aikin Baba yana nan a akwatin Inna, idan an ware ɗaki zan kawo shi.