Furannin ƙullun sitaci suna tsage mini, ina mafita?

Ƴar Ringim:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Bikin ƙanwata saura wata biyu, kuma na ci alwashin ni zan yi mata furannin da za a jera a ɗakinta, ba na robar kasuwa ba. Ƙullun da nake haɗawa shi ne na sitacin masara da farin gam irin na kafintoci, kofi ɗaya-ɗaya, da cokali biyu na man jarirai, da cokali ɗaya na ruwan lemon tsami don kada ya yi fumfuna. A kan gawayi na tuƙa shi har ya kama jikinsa kamar tuwo. Jiya na yi guda shida, kwaikwayon furen kuɓewar da ke bayan gidanmu, mai kunne biyar ruwan ɗorawa da jan tsakiya. Da Inna ta gani sai ta ce wa ya aike ni tsinke mata furen kuɓewa. Na shanya su a tsakar gida, yau da hantsi duk bakinsu ya tsattsage kamar faso a dunduniya. Abin ya ci mini rai. Don Allah ina na kuskure?

Maman Tagwaye, Kazaure:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Hunturu ne ya yi miki aika-aika. Wannan ƙullu ba kamar yumɓun tukunya ba ne, ba a gasa shi, iska ce ke busar da shi, kuma yana busawa yana tsukewa. Idan buji ya busar da bayan kafin cikin, dole ya dare. Ki sa su a kwali a cikin ɗaki, ki yafa musu siririn mayafi, ki ba su kwana biyu.

Amma in tambaye ki, kin bar ƙullun ya kwana kuwa? Bayan an sauke, ana shafa mai a hannu a murza shi da ɗuminsa har ya yi sumul, a ƙulle a leda ba iska, sai washegari a taɓa. Gawayi kuma yana da zafin kai. Ni tukunyar nake ɗorawa a cikin wata mai ruwan zafi, da ya fara sakin gefe in sauke. Ki gwada: ki ja guntu da hannu biyu, in ya miƙe ya yi tsini kafin ya rabu, ya yi. In ya katse ɓat, ya wuce dahuwa.

Ƴar Ringim:
Anti, wallahi ban bari ya kwana ba, ko awa ɗaya bai yi ba na hau aiki. Ɗoki ne.

Uwar Ɗaki, Bichi:
Ki riƙa yin kunnen ya ɗan fi na gaske girma saboda tsukewar. Launi ma yana ƙara duhu idan ya bushe, don haka fentin ɗan ɗigo za ki sa a ƙullun. Jan tsakiyar kuma ki bari sai ya bushe ki shafa da ƙaramin burushi. Jijiyoyin fure da busasshen ɓawon masara nake fitar da su, in danna kunnen a kai, in murza bakinsa da tsinke har ya yi sirantar takarda. Ki yi masa fanis kafin damina, don ba ya shiri da laima. Kuma ki gaya wa amarya kada ta ajiye su inda ɓera zai kai, sitaci ne.

Ƴar Ringim:
Allah Ya saka da alheri. Na tuƙa sabo yanzu, yana cikin leda a ƙasan gado. Ɓawon masara kuwa akwai shi tuli a rumbun Baba.